Kyanwar da ba ta da mai ita ta addabe ku? Ga amsoshin, a daina kira na

A nan Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba, daga Mile 12 zuwa Alaba Rago, tambayoyin nan ba sa sauyawa, masu yin su ne kawai ke sauyawa. Mai shayi ya ce ta zubar masa da madara, mai tsire ya ce ta ɗauke tsoka a kan faranti, uwargida ta ce ta mayar da bayan tankin ruwa masai. Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na tara su wuri guda. Duk wanda ya sake turo ɗaya daga ciki, wannan rubutun zan mayar masa.

Wane magani zan zuba mata a abinci ta mutu?

Babu. Da wannan na fara domin ita ce aka fi yi, kuma ita ce ta fi ɓata mini rai. Mutumin da ya san hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba, shi ne ke tambayar gubar da ta fi saurin kisa. Sashe na 495 na kundin dokar laifuka ta Najeriya ma ya haramta azabtar da dabba.

Bar batun lahira da na kotu, dubi gidan da kake. Gidan haya ne, ɗaki na kallon ɗaki, yara suna rarrafe a baranda, kajin maƙwabta suna tsattsagar duk abin da ya faɗi ƙasa. Kifin da ka barbaɗa wa maganin ɓera ko fiya-fiya bai san bakin da aka nufa da shi ba. Sniper kuwa, tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi barkatai a kasuwanni da kantuna saboda rayukan mutanen da ya ci. In ma kyanwar ce ta ci, ba a tsakar gida za ta mutu ba. Lungu za ta nema, galibi cikin silin, ku yi makonni kuna shaƙar wari.

Me ya sa gidanmu kawai take zuwa?

Don a nan take samu. Ko ɓera da sata, daddawa ma da wari. Leƙa bayan kicin da daddare ka gani: ledar shara a ƙasa an ɗaure bakinta sama-sama, kan kifi da ƙashin kaza a ciki, ana jiran motar masu kwasa da ba a san ranar zuwanta ba, kwanukan tuwon dare a bakin famfo ba a wanke ba, tukunyar miya an rufe ta da faranti. Nemi bokitin shara mai murfi, ka ɗora dutse a kai. A wanke kwanuka kafin a kwanta. Mai tsire ya share ƙarƙashin teburinsa kafin ya tashi. Rabin matsalar ke nan.

In sa ta a buhu in kai ta nesa, can bolar Ojota, in yar?

Kada ka yi. Kyanwa tana gane hanyar gida daga nesa fiye da yadda kake zato, sai dai a Legas mota ce ke samun ta kafin ta iso. Wadda ba ta dawo ba, ta faɗa yankin wasu magunan da za su yi ta korarta da cizo. Kai kuma ba ka huta ba: abincin da ya jawo ta yana nan, ba da jimawa ba wata za ta gaje wurin.

Baƙa ce wuluk, idanunta na haske da dare. Maƙwabta sun ce ba kyanwa ba ce.

Kyanwa ce, Hajiya. Idon kowace mage yana mayar da haske in an haska shi cikin duhu, haka aka halicce shi don ta gani da dare. Kukan da ke kama da na jariri kuwa lokacin barbara ne. Yi addu'arki ki kwanta, kuma kada ki bari yaran layi su taru da duwatsu a kanta.

Ta haihu a cikin silin ɗinmu. Muna jin kukan 'ya'yan. Yaya za mu yi?

To, wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba ni da amsa guda da za ta yi wa kowa daidai. Ya danganta da kwanakin 'ya'yan, da irin silin ɗin, da kuma haƙurin mutanen gidan.

Abu ɗaya ne ba ya sauyawa: kada a toshe ƙofar da take shiga. Mutane da yawa suna ganin ta fita da safe sai su kira kafinta ya buga katako. 'Ya'yan za su mutu da yunwa a saman kanku, uwar kuma za ta kwana tana yakushin rufi tana kuka, wani lokaci har ta ɓalle wani wurin ta shiga. An yi zalunci, an kuma ƙara ɓarna.

In za ku iya jira, jira ya fi. Cikin kyanwa kwana 63 ne zuwa 65, takan haifi uku zuwa biyar. Idanunsu kan buɗe bayan mako guda zuwa kwana goma, su fara tafiya a mako na uku, su fara lasar abinci a na huɗu ko na biyar, a yaye su wajen mako na takwas. Wato wata biyu ne duka-duka, kuma sau da yawa ba a kai haka ba uwar take kwashe su da bakinta ɗaya bayan ɗaya zuwa wani wuri, musamman in rana ta gasa kwanon rufi. Na san wata biyu ba kaɗan ba ne ga wanda kukan ke saman gadonsa, ko wanda fitsari ya fara yi wa taswira a silin. Ban ce dole ba.

In ba za a iya jira ba, a sa ta ta tashi da kanta. Mai jego duhu da shiru take so, sai a hana ta su: a kunna tocila ko ƙwan lantarki mara zafi a bakin wurin, a ajiye rediyo yana magana ƙasa-ƙasa, a riƙa buɗe murfin silin ana leƙawa. A lokaci guda a tanadar mata madadi a ƙasa, kwali da tsumma a wani lungu da ruwan sama ba ya bugu, bayan shago ko ƙarƙashin bene. Wata za ta kwashe su a dare ɗaya. Wata za ta matsar da su zuwa can ƙuryar rufin inda hannu ba ya kai, ka ga an koma baya. Wannan ma yana faruwa, ban ɓoye muku ba.

Hawa a ɗauko su da hannu shi ne na ƙarshe a wurina. Silin na kwali ko na POP ba ya ɗaukar nauyin mutum, a kan katako kaɗai ake taka ƙafa, ga wayoyin wuta da ɓeraye suka riga suka gwaguye. A kashe wutar gidan, a sa wanda ya saba hawa, a yi lokacin da uwar ta fita, da safar hannu mai kauri ko da za ta dawo, domin mai jego ba ta wasa. A sa su cikin kwali a ajiye kusa da hanyar da take bi, inda za ta ji kukansu. Maganar cewa in mutum ya taɓa su uwar za ta ƙi su, galibi ba haka ba ne. Abin da ke korar ta shi ne cincirindon yara a kan kwalin. A watse a ba ta wuri.

Kada kuma a yi saurin cewa ta gudu ta bar su. Takan yi sa'o'i a waje tana neman abinci. Barbaɗa toka ko garin fulawa a bakin hanyar, da safe ka duba sawu. 'Ya'yan da suke kwance a dunƙule, cikinsu a cike, suna da uwa. Waɗanda suka yi sanyi, suka yamutse, suna kuka ba tsayawa tun safe har dare, su ne marayu. Renon irin waɗannan aiki ne ja: ciyarwa duk bayan awa biyu zuwa uku har cikin dare, da madararsu ta musamman da ake samu wurin masu kayan dabbobi, domin madarar shanu gudawa take sa su, sannan a shafa musu gindi da auduga mai ɗumi kafin su iya fitsari. In ba za ka iya ba, faɗi gaskiya da wuri, ka nemi likitan dabbobi ko wanda zai karɓa.

Sai an tabbatar kowa ya fita za a rufe. Cusa tsohuwar jarida a ramin ka bar ta kwana biyu ko uku. In ba a ture ta ba, kuma ba a jin motsi, kira kafinta ya sa ragar waya. Ka sanar da mai gidan tukuna, kada a cire maka a kuɗin ajiya.

Ta yakushi yarona, amma ɗan kaɗan ne.

Ajiye wayar ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan asibiti yau, ba gobe ba. Ciwon haukan kare ba a kare kaɗai yake ba. Karnuka ne ke kawo mafi yawansa, amma mage ma tana ɗauka. Allurar rigakafinsa tana aiki ne kafin alamu su bayyana, in sun bayyana kusan ba a tsira. Na Idi-Araba ga asibitin koyarwa na LUTH a bakin ƙofarku. Likita ne zai ce ko ana buƙatar allurar da ta tetanus, ba mai kemis ba. Kada a shafa toka, barkono ko man birki.

Ta sa baki a ruwan alwalata.

Yi alwalarka, Malam. Hadisin Abu Ƙatada yana cikin Muwaɗɗa: ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninku.

Me zan zuba ta daina kashi a ƙofata?

Kwashe wanda ke nan tukuna, da safar hannu ko leda, ka wanke wurin sosai, don warin ne ke kiran ta. Ruwan khal da sabulu sun fi bilic, domin warin bilic yana jawo wasu magunan. Ƙasa mai laushi take so ta tona, sai ka shimfiɗa tsakuwa ko ragar waya a kan yashin da magina suka bari. Ɓawon lemu yana korar wasu, wasu kuma su tsallake shi. In ka gan ta, fesa mata ruwan sanyi daga gorar da aka huda murfinta. Na ce ruwan sanyi. Ban da tafasasshe, ban da kafur, ban da Izal, duk guba ne ko azaba a gare ta. Mai juna biyu kada ta kwashe kashin mage. Akwai ƙwayar cutar toksoplasma da ke iya illata ɗan tayi. Maigida ya tashi ya yi.

Ba ta da lafiya, in ba ta farasitamol?

A'a. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Muzurai sun hana mu barci da faɗa. Akwai maganin dindindin?

Akwai, amma da kuɗi: fiɗiya a hannun likitan dabbobi. A kama, a yi aikin, a yi mata rigakafin haukan kare, a mayar da ita inda take. A ƙasashen da suka saba da wannan, akan ɗan yanke bakin kunne ɗaya don a gane wadda aka yi wa. Muzurun da aka yi wa yana rage yawo da faɗa da fesa fitsari mai zarni, macen kuma ta daina kukan barbara. Ku tuna kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu zuwa shida, ta haihu sau biyu ko uku a shekara, har ta sake ɗauka tana cikin shayarwa. Akwai asibitin dabbobi na gwamnatin jiha a Oko-Oba, kusa da mayanka, ga kuma masu zaman kansu. In 'yan gida suka haɗa kuɗi kamar yadda ake haɗa na shara, ba zai gagara ba. Malamai sun yi saɓani a kan fiɗiyar dabbar da ba a ci. Da yawa daga na wannan zamani sun halatta in don kawar da cuta ne kuma ba a azabtar ba. Tambayi malaminka. Amma kada wani mahauci ya ce zai yi da reza a bayan gida.

Maƙwabcina ne ke ba ta abinci, shi ya sa ta zauna.

Je ka same shi da sallama, kada ka fara da masifa. Roƙe shi ya riƙa ba ta a wuri guda nesa da ƙofofin mutane, a lokaci guda, ya ɗauke kwanon bayan ta gama. Kafin ka nace sai ta bar gidan ɗungurungum, tuna irin ɓerayen da ke fitowa daga kwatar layinku da damina. Ba ta gamawa da su, manyan ma tsoronsu take, amma ɗakin ajiyar da mage ke shawagi ba ɗaya yake da wanda babu ba.

Ba za ka zo ka ɗauke mana ita ba?

A'a, Alhaji. In kai ta ina?