Waiwaye: Daga Yadin Ingila da Giyar Fotugal Zuwa Masaƙun Kakuri

Ranar 2 ga Afrilun 2025 shugaban Amurka Donald Trump ya sanar da harajin da zai ɗora wa kayan da ake shigowa da su daga kusan kowace ƙasa, mafi ƙarancinsa kashi 10 cikin ɗari. Hujjarsa ita ce duk ƙasar da take sayar wa Amurka fiye da abin da take saya a wurinta, cutar Amurka take yi. Wannan hujja ta girmi Amurkar kanta. Haka sarakunan Turai suka ɗauki ciniki a ƙarni na 17: arzikin ƙasa shi ne zinariya da azurfar da ke baitulmali, don haka a sayar da yawa, a sayi kaɗan. Da wannan Colbert, ministan kuɗin Sarki Louis na 14 na Faransa, ya yi aiki. Ingila kuma ta yi doka a 1651 don ta ƙwace dakon kaya a teku daga hannun mutanen Holan.

Adam Smith, masanin tattalin arziki ɗan Birtaniya, shi ne ya yi wa wannan tunani mummunan rauni a 1776. Ya ce arzikin ƙasa shi ne abin da mutanenta ke iya ci da sawa da mora, kuma wauta ce a dage sai an yi abu a gida alhali sayensa a waje ya fi araha. Sai dai ya bar wata tambaya a buɗe. To in wata ƙasa ta fi ka iya yin komai fa, me za ka sayar mata?

David Ricardo, wani masanin tattalin arziki na Ingila, ya amsa a 1817, da wani ɗan lissafi da har yau ake fara koya wa ɗalibai. Ya ƙaddara cewa Ingila tana bukatar aikin mutum 100 na shekara guda don ta saƙa wani adadi na yadi, da mutum 120 don ta yi wani adadi na giyar inabi. Fotugal kuwa mutum 90 sun ishe ta yadin, 80 sun ishe ta giyar. Ke nan Fotugal ta fi Ingila ta kowane ɓangare. Duk da haka, in ta tura mutanenta ga giya, aikin mutum 80 zai sayo mata yadin da zai ci mata mutum 90 a gida. Ita ma Ingila, yadin mutum 100 zai kawo mata giyar da za ta ci mata mutum 120. Kowa ya rage wahala. Kamar gwanin tela ne da ya fi yaron shagonsa saurin guga, amma ya bar masa gugar, domin duk awar da ya ɓata a kan dutsen guga asarar ɗinkin babbar riga ce. Abin dubawa shi ne me ka bari don ka yi abin da kake yi.

Lissafin ya shiga siyasa nan take. Tun 1815 Birtaniya take da dokar da ke tare hatsin waje, wadda ta amfani masu manyan gonaki, ta tsadar da burodin leburori. Masu masaƙun Manchester, su Richard Cobden, suka ɗaura ɗamarar yaƙi da ita, kuma a 1846, ana tsakiyar yunwar Ailan, firaminista Robert Peel ya soke ta, abin da ya raba jam'iyyarsa gida biyu. Ricardo bai ga wannan rana ba, ya mutu tun 1823. Amma tun daga nan aka ga abin da lissafinsa bai faɗa ba: ƙasa na iya cin riba gaba ɗaya alhali wasu a cikinta suna kuka.

Akwai kuma waɗanda suka ce Ingila na wa'azin abin da ba ta aikata ba. Suna da gaskiya. A 1700 da 1721 ta yi dokokin hana yadin auduga na Indiya shiga kasuwarta, kuma masaƙunta a bayan wannan katanga suka girma. Alexander Hamilton a Amurka a 1791, da Friedrich List a Jamus a 1841, sun ce masana'antar da ke rarrafe sai an kare ta kafin ta iya kokawa da manya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Raúl Prebisch na Ajantina ya ƙara da cewa mai sayar da ɗanyen kaya kullum a baya yake, kuma ƙasashen Kudancin Amurka da na Afirka da yawa suka rungumi manufar yin kaya a gida. Koriya ta Kudu ma ta tallafa wa kamfanoninta, sai dai ta gindaya sharaɗi: wanda bai iya sayar da kayansa a kasuwar duniya ba, tallafinsa na iya yankewa. A ganina wannan sharaɗin ne ya raba ta da masu kariyar da ba ta da ranar ƙarewa.

Su kansu masu goyon bayan buɗe kasuwa ba su ɓoye batun masu asara ba. Eli Heckscher da Bertil Ohlin na Suwidin sun ce kowace ƙasa za ta fitar da kayan da ke cin abin da take da shi a wadace, ko ƙasar noma, ko ma'aikata, ko jari. A 1941 Wolfgang Stolper da Paul Samuelson suka nuna a lissafi cewa in haka ne, masu riƙe da abin da ya yi ƙaranci a ƙasar za su yi asara ta zahiri. An dai ci gaba da rage haraji, saboda kowa ya tuna yadda harajin Amurka na 1930 da ramuwar gayyar da ta biyo shi suka ƙara durƙusar da ciniki. Ƙasashe 23 suka sa hannu a yarjejeniyar rage harajin ciniki ta GATT a 1947, wadda ta zama Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995.

To ina shaida? Ba a iya rufe ƙasa a ɗakin gwaji, sai dai a jira tarihi ya yi gwajin. Japan ta yi fiye da shekara ɗari biyu kusan a rufe, sai jiragen yaƙin Amurka suka iso a 1853, aka buɗe tashoshinta a 1859. Daniel Bernhofen da John Brown sun tono farashin kaya na kafin buɗewar, suka ga abin da ya fi araha a gida, wato siliki da ganyen shayi, shi aka fitar, abin da ya fi tsada irin su yadin auduga kuma shi aka shigo da shi, daidai yadda ka'idar ta yi hasashe. Ribar da suka ƙiyasta ba ta wuce kashi 8 zuwa 9 cikin ɗari na arzikin ƙasar ba. Riba ce mai kauri, amma ba aljanna ba ce. A Indiya ta zamanin Turawa, Dave Donaldson ya gano cewa gundumar da jirgin ƙasa ya isa, kuɗin shigar manomanta ya ƙaru da kusan kashi 16 cikin ɗari.

Kano ta ga irin wannan da idonta. Da layin dogo ya iso a 1911, Turawa auduga suke kwaɗayi don masaƙun Lancashire da ke Ingila. Amma masaƙan gida suna sayen audugar da farashin da ya fi na Bature, fataken goro kuma suka lura gyaɗa ta fi kawo kuɗi, suka shiga ƙauyuka suna zuga manoma, suna ba da kuɗi tun kafin kaka. Manomi ya duba abin da zai bari da abin da zai samu, ya shuka gyaɗa. Daga nan dalar gyaɗa ta samo asali, ba daga umarnin Razdan ba.

Shaidar ɗaya ɓangaren ta fito ne bayan Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Disamban 2001. David Autor da David Dorn da Gordon Hanson sun bi garuruwan Amurka da ke yin kujeru da tufafi da kayan wasan yara, suka tarar ma'aikatan da aka sallama ba su yi ƙaura zuwa inda aiki yake ba kamar yadda littattafai suka zata. Sun zauna, albashi ya faɗi, masu karɓar kuɗin naƙasa suka ƙaru. Wani bincike da suka yi da Daron Acemoglu ya ƙiyasta asarar ayyuka miliyan 2 zuwa 2.4 tsakanin 1999 da 2011. Sauran Amurkawa sun sami kaya da araha, gaskiya ne. Amma ribar ta watsu ƙanana-ƙanana a aljihun kowa, asarar kuma ta taru a kan 'yan garuruwa, kuma diyyar da ka'ida ta ce ana iya biya ba a biya ta yadda ya kamata ba.

Wanda ya san Kakuri a Kaduna ba ya bukatar a fassara masa wannan. Masaƙar Kaduna Textiles (KTL) ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo ta, har unguwar ta zama in an tashi daga aiki kekuna ke cika titi. Masaƙar United Nigerian Textiles (UNTL), babbarsu, ta rufe a 2007. Ana yawan ɗora laifin duka a kan atamfar Sin, amma shekaru da dama an haramta shigo da ita a takarda, ta dai ci gaba da kwararowa Kantin Kwari ta hannun 'yan fasa-ƙwauri, ta Kwatano da Maraɗi. Masaƙar da ke fama da rashin wuta da tsadar baƙin mai da tsofaffin injuna ba dokar kwastan ce za ta cece ta ba.

Saura tambayar wa ke biyan harajin. Da Amurka ta ɗora shi a kan injin wanki a 2018, farashinsa ya tashi da kusan kashi 12 cikin ɗari, har na injin busar da kaya ma ya bi shi, ko da yake ba a sa masa haraji ba, saboda tare ake sayensu. Masu bincike sun lissafa cewa kowane aiki guda da aka samar ya ci wa masu saye kusan dala 815,000. A Najeriya kuwa an rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, musamman don shinkafa. Masu injinan casa sun ji daɗi, buhu ya yi tsada, masu albasa da dabbobi na Nijar suka yi ta asara a bakin iyaka. Abin mamaki, wata guda kafin rufewar Najeriya ta sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka. Sai a Disamban 2020 aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum, makonni biyu kafin ranar da aka sa don fara aiki da yarjejeniyar.