Keken hawan dutse: mene ne shi, kuma yaya ake gane na gaske

Keken hawan dutse, wanda sau da yawa za ka ga an rubuta masa haruffan MTB a jiki, keke ne da aka ƙera saboda hanyar da ba ta san kwalta ba: turbar daji, gangaren tudu, wuraren da tsakuwa da saiwar itace da ramuka suka cika hanya. Mai hawansa ba kasuwa ya nufa ba, ba gona ba. Hanyar ita kanta ce abin da ya fito nema. Ya hau tudu yana haki, ya gangaro yana kauce wa duwatsu, ya koma gida da ƙura har gira. Ba kuma dole sai inda ake da dogon dutse ba, duk turbar da ke da gargada da hawa da sauka ta isa.

Wasan ya samo asali ne a shekarun 1970, a gundumar Marin da ke arewa da birnin San Francisco a jihar Kalifoniya ta Amurka. Wasu samari ne suka riƙa tsinto tsofaffin kekunan kamfanin Schwinn na shekarun 1930 da 1940, masu nauyi da faɗin taya, suna gangarowa da su daga tuddan da ke kewaye da dutsen Tamalpais. A watan Oktoban 1976 suka fara wani tseren gangara kusa da garin Fairfax, wanda aka sani da Repack. Tsawon hanyar ya ɗan haura kilomita 3, amma cikin wannan ɗan taƙi mutum yakan sauko kusan mita 400. Birkin waɗannan kekuna a cikin cibiyar tayar baya yake, irin wanda ake kamawa da mayar da feda baya, sai zafi ya ƙone giris ɗin da ke ciki har hayaƙi ya tashi, dole a kwance a sake cusa wani bayan an sauko, shi ya sa aka kira tseren Repack, wato sake cusawa. Firam yakan tsage, kan keke ya lanƙwashe. Wannan wahala ce ta sa Joe Breeze ya ƙera firam na musamman don wannan aiki a 1977, sannan a 1979 Gary Fisher da Charlie Kelly suka fara sayar da kekunan da Tom Ritchey yake haɗa musu firam. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, daga nan abin ya shiga shaguna. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta shirya gasar duniya ta farko a Durango ta jihar Kolorado a 1990, kuma a 1996 wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta.

Na kawo wannan tarihi ne saboda kusan duk abin da ke jikin keken yau amsa ce ga wata matsala da hanya ta kawo. Wanda ya gane haka ba zai ruɗu da fenti ba.

Fara da taya. Faɗinta yakan kai inci 2.2 zuwa 2.6, tana da haƙora don ta kama ƙasa. Sabon shiga yakan sa a bunƙasa mata iska har ta yi tauri, yana ganin haka ne ƙarfi, alhali tayar da ta yi tauri tsalle take yi a kan tsakuwa, ba ta riƙe ƙasa a kwana. Ana rage iskar ne yadda tayar za ta ɗan kwanta a kan abin da ta taka, ba tare da rim ya bugi dutse ba. Da yawa daga kekunan yanzu ba su da tif a ciki. Ana zuba wani ruwa mai danƙo a cikin tayar, in ƙaya ta huda sai ya toshe wurin da kansa. Duk wanda ya taɓa tura keke daga daji zuwa wurin mai faci saboda ƙaya ya san darajar wannan. Girman wili kuwa, da inci 26 aka saba, yanzu 27.5 da 29 suka fi yawa. Babban wili ya fi haye rami da dutse cikin sauƙi, amma kafin ka saye shi ka tabbata za ka samu tayarsa a garinku.

Birkin zamani na faifai ne, wanda ke manne da cibiyar wili, nesa da laka da ruwan da ke ɓata gefen rim. Mafi kyawunsa da mai yake aiki maimakon waya, yatsa ɗaya ya isa a kama shi. Birkin gaba shi ne ke da mafi yawan ƙarfin tsayar da keke, don haka koyon sarrafa shi ake yi a hankali, ba guje masa ba. Giya ma ta sauya: a da faifai uku ne a gaba, yanzu ɗaya ne a gaba da 11 ko 12 a baya, salon da kamfanin SRAM ya yaɗa tun daga 2012. Yawan giya ba shi ne abin dubawa ba. Ka dubi girman babban faifan giya na baya, shi ne zai hau da kai tudu ba tare da ka sauka ka tura ba.

Inda mutane suka fi yin asara shi ne wajen shokazoba. Kamfanin RockShox ya fito da shokazoban gaba na keke a 1989, kuma tun daga nan kekunan suka kasu biyu: mai shokazoba a gaba kaɗai da bayansa a sandare, da mai shi gaba da baya. Ana auna shi da iya nisan da yake nutsewa. Keken doguwar tafiya mai hawa da sauka yana da milimita 100 zuwa 120, na yawon turba na yau da kullum 120 zuwa 150, na gangara zalla kuwa yakan kai 200, kuma irin wannan na ƙarshe ba a ma hawan tudu da shi, a mota ko a igiyar ɗaukar mutane ake kai shi sama. Shokazoba na gaske ba sifirin kaɗai ba ne. A cikinsa akwai mai da ke bi ta ƙananan ƙofofi yana rage saurin dawowarsa, shi ya sa keken ke haɗiye gargada ya zauna a ƙasa. To, akwai kekuna masu araha da aka maƙala wa jan sifirin a tsakiya don ido. Babu man nan a ciki, sai keken ya riƙa wullo da kai sama bayan kowane rami, yana cinye ƙarfin da kake sa wa feda, ga nauyi. Wasunsu ma sukan zo da takardar gargaɗi a jiki cewa kada a shiga daji da su. Abin yana damuna ƙwarai, domin yaro ko matashi yakan tara kuɗinsa ya sayi irin wannan, ya sha wuya a fitar farko, ya yanke cewa wasan ne ba daɗi. A ra'ayina, mai farawa ya nemi mai shokazoban gaba kaɗai, na alminiyam, daga kamfanin da aka sani, ko da na gwanjo ne. Kuɗin da ba su tafi kan shokazoban baya ba sun tafi kan birki da giya da wili masu kyau, gyaransa kuma bai fi ƙarfin mai gyaran keke na unguwa ba.

Sai girman keken ya yi daidai da mai shi. Ana rubuta S, M, L ko XL a jikin firam. Ka tsaya da keken a tsakanin ƙafafunka, ya zama akwai rata tsakaninka da sandar sama. In ka zauna, ƙafarka ta kusa miƙewa idan feda ta kai ƙasa. Keken da ya yi maka girma ba ya gyaruwa da sauke sirdi. In na gwanjo ne, ka duba wuraren walda ko akwai tsagewa, musamman wuyan keken, ka duba ƙarafan shokazoba ko sun karce ko suna zubar da mai, ka juya wili ka ga ko yana layi, ka dubi haƙoran faifan giya ko sun cinye sun yi tsini. Ka ware kuɗin hular kwano tun kafin a fara ciniki. A wannan wasa faɗuwa ba ta tsallake kowa, gwani da ɗan koyo.

Abu na ƙarshe da ke cikin ma'anar wasan shi ne ladabin hanya. An kafa IMBA, ƙungiyar masu keken hawan dutse ta duniya, a 1988, lokacin da ake rufe turbobi a Kalifoniya saboda ƙorafin masu tafiya a ƙasa da mahaya dawaki. Ƙa'idojin da ta yaɗa har yau su ake bi: mai keke ya ba mai tafiya a ƙasa da mai dabba hanya, mai gangarowa ya dakata wa mai hawa, kada a bi turbar da aka rufe, kada a yanke sabuwar hanya. A wuraren da aka tsara don wasan akan yi wa turba alamar launi, kore ga mai koyo, shuɗi matsakaici, baƙi ga ƙwararru. A wajenmu turbar ta manomi ce da makiyayi da mai ɗauke da itace a ka, kuma sun riga keke zuwa wurin. Ka rage gudu tun daga nesa, ka yi sallama, in garke ne ka tsaya ya wuce, da damina kuma kada tayarka ta taka shukar kowa.