Wai wa ya auna mita 600 ɗin nan?

Duk sanda aka tada zancen kwararowar hamada sai ka ji an ce tana cin mita 600 duk shekara a arewacin Najeriya, wasu su ce ƙarya ne, a yi ta cacar baki a Facebook. To wannan gardamar ta girmi kakanninmu. A shekarun 1930 an yi ta kururuwar Sahara na gangarowa, har aka tura kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa a 1936 zuwa 1937 ya bi kan iyakar Najeriya da Nijar, ya dawo ya ce bai ga alamar hakan ba. Sai farin da aka yi a 1973, sai taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kwararowar hamada a Nairobi a 1977, aka koma gidan jiya. Da hotunan tauraron ɗan Adam suka zo kuma, a 1991 aka nuna bakin hamadar gaba yake yi ya dawo baya, gwargwadon ruwan shekarar.

Amma abun da ba a cika faɗa ba shi ne na wajajen 2004, lokacin da Gray Tappan, wani masani daga Amurka, ya ɗauko tsofaffin hotunan jirgin sama na 1975 na yankin Maraɗi da Damagaram ya jera su da sababbi, gona da gona. Itatuwa sun ƙaru, ba kaɗan ba. Manoma ne suka daina sare tohon kututture in sun zo sharar gona, sassabin zamani kenan, daga baya aka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. Shekara ashirin ana wannan aikin, taswirorin da ake haɗawa daga hotunan tauraron ɗan Adam ba su nuna ba! Dalili kuwa, ɗigo ɗaya a irin tsohon hoton tauraron da ake auna kore da shi yana wakiltar filin da ya kai kilomita guda ko fi, bishiya tsilla-tsilla a gona ba ta fitowa, sannan galibi koren damina ake aunawa, shi kuma gawo da damina yake zubar da ganye, sai rani ya yi kore shar. Yaron ƙauye ma ya san wannan.

Ba wai ƙasa ba ta lalacewa ba ne fa, wanda ya je Yusufari a jihar Yobe ya ga tudun yashi ba zai yi musu ba. Ni dai in aka kawo min lamba yanzu tambayata a wane wata aka auna, kuma da wace shekara aka kwatanta.