Kula da Fata Yayin Manyanta a Ƙasar Kabi

Fata tana sauyawa da shekaru. Daga shekarun samartaka zuwa sama, kolajin, wato zaren furotin da ke riƙe fata ta tsaya da ƙarfinta, yana raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 kowace shekara, kuma raguwar takan yi sauri ga mata a shekarun farko bayan ɗaukewar al'ada. Maiƙon da fata ke fitarwa shi ma yana ja baya. Daga nan ake samun yamushewa, bushewa, ƙaiƙayi da jinkirin warkewar rauni. A Jihar Kebbi yanayi na ƙara wa abin nauyi: iskar hunturu tana busar da jiki daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sannan zafin bazara yakan haura digiri 40 a Birnin Kebbi da kewaye.

Jiki ba ya iya ƙera kolajin sai da furotin da bitamin C. Baligi na buƙatar kimanin giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wanda ya haura shekara 65 kuwa ya fi dacewa ya kai giram 1. Dattijo mai kilo 60 ke nan yana neman giram 60. Ƙwai ɗaya na ba da giram 6, tsokar kifi mai giram 100 kusan 20, sauran kuma wake, awara, ƙuli-ƙuli da nono su cike. Tarwaɗa da ƙarfasa ba su yankewa a kasuwannin Yawuri da Argungu. Inda ake samun giɓi shi ne tsohon da haƙoransa suka zube, ya koma kunu da tuwo mai laushi kawai. Irin wannan a dafa masa wake ya yi luguf, a mutsuka masa kifi a cikin miya.

Bitamin C kuwa a tukunya ake asararsa. Mace na buƙatar miligiram 75 a rana, namiji 90, kuma gwaba ɗaya matsakaiciya ta wadatar. Akwai shi a tattasai, lemo, tumatir, ganyen zogale da garin 'ya'yan kuka. Sai dai doguwar dahuwa na kashe shi, kanwa kuma tana ƙara ɓarnar. Miyar ganyen da ta sha kanwa ta daɗe tana tafasa, ɗan abin da ya rage a cikinta kaɗan ne. Gara a zuba ganye a ƙarshen girki, a sa ɗanyen tumatir da tattasai a kwaɗo. Bitamin A ana samunsa a manja, karas, gwanda, mangwaro da hanta. Wanda abincinsa ya taƙaita ga masara ko dawa na tsawon lokaci yana iya fuskantar ƙarancin bitamin B3, alamarsa baƙin kirci a wuya da bayan hannu, inda rana ke duka, tare da zawo.

Da hunturu, ruwan wanka ya zama mai ɗumi, domin mai zafi sosai yana wanke maiƙon fata. Haka ma dirza da soso mai kaushi da yawan sabulun salo. A shafa mai kafin jiki ya gama bushewa, cikin mintuna kaɗan da fitowa, saboda aikin man kaɗe ko basilin shi ne tsare danshin da ke jikin. Faso a diddige ana jiƙa shi minti 10, a goge kaushin a hankali, a shafa basilin, a kwana da safa. Manoman shinkafa da ke wuni a ruwan fadama su riƙa tsane tsakanin yatsun ƙafa, gudun cin ruwa.

Baƙar fata na da kariya daga rana, amma malfa da riga mai dogon hannu suna rage tabo. Ga zabiya wannan dole ne, har da man kare rana mai lambar SPF 30 ko sama, saboda haɗarin sankarar fata. Taba sigari ma tana saurin tsofar da fuska.

Man bilicin ya fi duk waɗannan lahani. Masu ɗauke da sinadarin sitiroyid suna sirantar da fata, su kawo nanƙarwa da ƙuraje. Haidurokwinon, wani sinadarin da ake sa wa man bilicin, idan aka daɗe ana shafawa, yana barin baƙin tabo a kumatu mai wuyar fita. Sinadarin makuri kuma yana taɓa ƙoda, shi ya sa hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta haramta shi a kayan shafa. Wadda ta daɗe a kan mai sitiroyid kada ta yanke lokaci ɗaya, likita ne zai tsara mata janyewa.

Gyambon da ya wuce mako 3 bai warke ba, musamman a ƙafar mai ciwon suga, ko baƙin tabo a tafin ƙafa da ke girma ko zubar da jini, a kai shi asibiti a duba.