Raba wuta a layin jirgin ƙasa na wasa: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Me ya sa duk jiragena suke tashi tare in na murɗa wuta?

Saboda layinka ƙarfe ne guda a haɗe. A tsarin DC, wato tsarin da na'ura ke ƙara ko rage ƙarfin wutar layi kai tsaye, wutar da ke kan layi ita ke tuƙa jirgi, daga sifili zuwa wajen bolt 12, kuma duk kan jirgin da ke zaune a kai sai ya sha. Yanka layin sassa-sassa, kowane sashe da makunninsa.

Ƙarfe ɗaya zan yanka ko duka biyun?

Ɗaya, in na'urar ba da wutarka ɗaya ce kuma layin bai zagayo ya komo kansa ta yadda jirgi zai juyo da fuskarsa ba. Ka bar ɗaya ƙarfen a haɗe tun daga farko har ƙarshe, ka riƙa yanka ɗayan. Amma ka tsaya a gefe guda! Wanda ya yanka na dama a nan, ya yanka na hagu a can, shi ya jawo wa kansa.

Ina makunnin zai zauna?

A kan wayar da ke kai wuta ga ƙarfen da ka yanka. Makunni mai kashewa da kunnawa kawai, wanda ake kira SPST, ya isa. In na'urori biyu kake so sashe ya zaɓa tsakaninsu, nemi makunnin SPDT, mai zaɓi biyu da ke kashewa in ya tsaya a tsakiya, kuma kowace na'ura ta zama da taransfomarta daban.

Na kashe makunni, amma jirgin da ke sashen yana motsi. Me ya faru?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba zan iya yanke hukunci ban ga layinka ba. Galibi giɓin da ka yanka a ƙarfen ne ya rufe. Ƙarfe yana miƙewa da zafi, katakon da ke ƙarƙashi yana motsi da laima, sai bakin ƙarfen biyu su taɓa juna ba ka sani ba. Shi ya sa nake cewa a sa mahaɗin roba, ko a cusa ɗan siririn filastik a giɓin a manne shi da gam, a goge samansa ya yi daidai da ƙarfe. Giɓin da aka bari iska kawai, yau ko gobe zai ci amanarka.

In giɓin lafiya yake, duba ko akwai abin da ya tsaya a kansa. Tarago mai fitila da ke ɗaukar wuta ta ƙafafun gaba da na baya, in ya tsaya rabi nan rabi can, ya zama gada: wutar sashe mai rai za ta bi ta cikinsa ta shiga mataccen. Kan jirgi ma haka yake yi, shi ya sa ya kamata sashen ajiya ya fi abin da za a ajiye a ciki tsawo.

Wataƙila kuma wutar ta ɓullo ta baya ne. Sashe mai baki biyu yana buƙatar giɓi biyu, mutane suna yanka ɗaya su manta da ɗayan. Sai mararrabar layi: akwai irin da ke tura wuta zuwa inda aka karkata ta, kamar na kamfanin Peco, kuma samfurinsu mai suna Electrofrog yana son mahaɗan roba a ƙarafa biyun da suka fito daga tsakiyarsa. Wani lokaci ma laifin tsohuwar waya ce da ka lika tun kafin ka raba layin. Kada hankalinka ya tashi, kowa ya taɓa yin wannan. Kwashe jiragen duka, kashe makunnin, ɗora mitar auna wuta a kan sashen. In ta nuna wuta, cire wayoyi ɗaya bayan ɗaya har ta faɗi sifili. Mai yiwuwa ka samu a minti biyar, mai yiwuwa ya cinye maka yamma guda.

Ba zan iya dogara da mahaɗan ƙarfe su kai wuta ba?

A'a. Suna sassautawa, suna datti. Kowane sashe ka lika masa wayarsa da dalma a gefen waje na ƙarfen, don kada ƙafar jirgi ta yi karo da ita.

Ina da DCC, ina ruwana da wannan?

A DCC, wato tsarin tuƙi na dijital, wuta tana kan layi kullum, kowane kan jirgi yana jin umarnin lambarsa, don haka ba dole ba ne. Amma ranar da wayoyi suka haɗu a wuri guda komai ya mutu, za ka so a ce ka raba layin ka san inda za ka duba.

Layin da ya zagayo ya komo kansa fa?

Yanka ƙarafan biyu a bakin shiga da bakin fita, sannan ka sa makunnin DPDT mai juya wuta, ko na'urar da ke juyawa da kanta in DCC ne. In ba ka yi ba, ƙarfen dama zai haɗu da na hagu, na'urarka ta ɗauke wuta nan take.

Wace kalar waya ta fi?

Malam, wuta ba ta ganin kala. Zaɓi biyu, ka rubuta sunan kowane sashe a jikin wayarsa.