Einstein ba shi kaɗai ya yi ba fa

Wai mutane sun ɗauka Einstein, shahararren masanin kimiyyar nan, ya kulle kansa ne a ɗaki shi kaɗai ya fito da ilimin da ya girgiza duniya. Ina! Bayan ya gama karatu a Zurik a 1900 wajen shekara biyu yana neman aiki babu, sai ɗan koyar da yara darasi yake yana samun na abinci, aljihu ba ko sisi. Abokinsa Marcel Grossmann ne ya yi wa nasa baban magana, baban ya yi wa Einstein hanya wurin shugaban ofishin rajistar ƙirƙira na birnin Bern a Switzerland, a 1902 aka ɗauke shi. Dama tun suna makaranta littafin rubutun Grossmann yake ara in jarabawa ta matso, don shi ba ya son zama aji. Kuma a 1912 da lissafin ƙarfin da ke jawo abubuwa ƙasa (gravity) ya cije masa, wurin Grossmann ɗin ya sake komawa, suka fitar da takarda tare a 1913. Takardarsa ta 1905 kan dangantakar lokaci da motsi (relativity) ma mutum ɗaya ya gode wa a ƙarshe, Michele Besso, abokin aikinsa da suke tafe suna musu a hanyar gida.