Waiwaye: Ruwan Kano da Lissafin Bazara

A watan Afrilu, tun kafin a fito daga sallar asuba, 'yan garuwa sun riga sun jera kurarsu a bakin burtsatse, jarkoki a ɗaure da igiyar roba, ana jiran a tayar da janareta. Famfon gida kuwa, ka murɗa shi sai ya yi maka huci ya yi shiru.

Da rijiya da kududdufi Kano ta rayu tun asali. Sunayen unguwanni ma shaida ne: Rijiyar Lemo, Rijiyar Zaki, Rijiya Huɗu. Ruwan famfo bai shigo ba sai farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, lokacin da aka kafa matata a bakin kogin Challawa. Ana tura ruwan zuwa tanki a kan Goron Dutse, daga can ya gangaro gari da kansa. Dabara ce mai kyau, amma an auna ta ne da garin da mafi yawansa ke cikin ganuwa.

Tsohon gwamnan Kano Audu Baƙo ne ya hango nesa. Madatsar Tiga da aka gama a 1974, sai ta Challawa da ke Ƙaraye a 1992, su suka sa kogunan da rani ke mayar da su yashi suka riƙa gudu duk shekara. An ƙara matatu a Challawa da Tamburawa, sannan a zamanin Malam Ibrahim Shekarau aka gina sabuwar Tamburawa mai ƙarfin lita miliyan 150 a rana, da ta Watari mai miliyan 75.

To ina ruwan? A ganina lissafin ne ake yi da ranar da komai ke lafiya lau. Bazara kuwa ba ta zuwa ita kaɗai. Zafi ya haura digiri 40, kowa na wanka sau biyu ko uku, rijiyoyi sun ja ƙasa, sai waɗanda ba su damu da famfo da damina ba su ma su dawo kansa. A daidai wannan lokaci wutar lantarki ke raguwa, kuma injin da babu wuta, ko Tiga ta cika ta batse, ɗigo ɗaya ba zai tura ba. Adadin da ke rubuce a takarda na matatar da ke aiki dare da rana ne.

Ga tsofaffin bututu da ke yoyo a ƙarƙashin titi, wasu ma aikin hanya ya fasa su. Su Ɗorayi da Hotoro da Rimin Keɓe kuma faɗaɗa suke, gini na riga bututu isa. Mai hali ya haƙa burtsatse, maƙwabcinsa ya haƙa wadda ta fi zurfi, rijiyar gidan da ke tsakaninsu ta ƙafe, matar gidan ta aiki yaro ya tsayar da mai kura.